Gwanayen Gilashin Roba

Ɗauki guntun gilashin taga ka dube shi ta gefe, ta bakin da aka yanka. Kore za ka gani. Ta fuska garau yake, amma ta gefe sai ka rantse rina shi aka yi. Ɗan burbushin ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka ne ke kawo wannan launi, kuma iya kaurin gilashi iya duhun korensa. A taga ba wanda ya damu. Amma a ce bango ake so wanda kaurinsa ya haura kamu guda, ya tare ruwa mai nauyin dubban tan, mai kallo kuma ya ga abin da ke bayansa da ainihin launinsa, to a nan gilashi ya kai maƙura.

Irin wannan bango yana nan a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, a gidan kallon kifaye na Churaumi da aka buɗe a 2002. Faɗinsa mita 22.5, tsayinsa mita 8.2, kaurinsa santimita 60. Bayansa ruwan teku ne lita miliyan 7 da rabi, ga kifaye irin waɗanda babu kifin da ya kai su girma a duniya suna ta shawagi. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sari Dubai, duk wanda ya leƙa Dubai Mall ya ga wanda ya fi wannan, wanda aka kafa a 2008: faɗi kusan mita 33, kauri santimita 75, nauyi tan 245. Duka biyun ba gilashi ba ne. Roba ce, kuma kamfani ɗaya ya yi su, Nippura, da ke lardin Kagawa a Japan. Ba a dunƙule aka zuba su ba. Fallaye ne masu kaurin 'yan santimita aka ɗora wani kan wani aka haɗe, sannan aka kwashi manyan gunduwoyin zuwa wurin ginin aka sake haɗa su gefe da gefe. Tsaya gaban bangon ka nemi inda aka yi haɗin. Da ƙyar in ka gano.

Wannan rashin ganin haɗi shi ne sana'ar gaba ɗayanta. Robar tana fitowa daga masana'anta garau, daga nan kuma duk abin da ya taɓa ta ragi yake yi mata. Zarto ya bar baki fari mai kaushi, abin huji ya bar tsaga, zafi ya bar kumfa, yatsa ma ya bar shaida. Kafinta in ya kuskure, ya cike ramin da garin katako da gam, ya bi da fenti, an wuce wurin. Mai aikin gilashin roba ba shi da maɓoya, domin mai saye yana ganin gaban aikin da bayansa da cikinsa a kallo ɗaya. Aikinsa shi ne ya yanka, ya huda, ya lanƙwasa, ya haɗa, sannan ya share sawun kansa.

Robar da aka yi waɗannan bangaye da ita akirilik ce. Wani masanin haɗa sinadarai a Jamus, Otto Röhm, shi ya fito da ita kasuwa da sunan Plexiglas a 1933, kamfanin ICI na Ingila kuma ya fito da tasa da sunan Perspex a wajajen wannan lokaci; har yau da wannan suna na biyu masu rubuta allunan shaguna suka fi saninta. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da ita fili, da aka riƙa yin rumfar matuƙan jiragen yaƙi da ita. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, in ta fashe ba ta tarwatsewa ta zama tsinin da ke yanka mutum ko'ina, kuma tana barin kashi 92 cikin 100 na haske ya ratsa ta. Sauran kashi 8 ɗin ma ba cikinta yake ɓacewa ba, fuskokinta biyu ne ke mayar da shi baya. Shi ya sa ƙarin kauri ba ya dusashe ta, ba ya kuma ba ta launi. A gidan kifi, inda fuska ɗaya ke jingine da ruwa, hasken da ke komawa baya ta wannan ɓangaren kusan babu shi, sai bangon ya ƙara ɓacewa daga ido.

Me ya sa wata roba take garau, wata kuma fara kamar ta jarka? Ƙwayoyin roba dogayen sarƙoƙi ne. A robar jarka, wasu sassan sarƙoƙin suna jeruwa su dunƙule wuri-wuri, wasu sassan kuma suna nan a hargitse, sai haske ya yi ta karo da iyakokin da ke tsakani yana watsewa. A akirilik sarƙoƙin ba sa iya jeruwa ko kaɗan, ko'ina hargitsin iri ɗaya ne, haske ba ya samun abin tuntuɓe. Sai dai sarƙoƙin nan suna riƙe duk wata matsa da aka yi musu, kuma za mu dawo kan wannan, don nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Tun wurin saye gwani yake fara aiki. Akirilik iri biyu ce a kasuwa, ido kuma ba ya raba su. Akwai ta zubi, wadda ake zuba ruwan sinadarin tsakanin gilasai biyu a bar shi ya daskare a hankali, ya ɗauko santsin gilashin. Akwai ta matsi, wadda ake narka ƙwayoyin roba a turo su ta bakin inji. Ta matsi ta fi araha, kaurinta kuma ya fi daidaito, amma tana saurin narkewa a bakin zarto ta yi danƙo, tana kuma saurin tsagewa in sinadari ya taɓa ta. Ta zubi tana yankuwa tsaf, kuma in aka zana mata rubutu da injin leza, rubutun yana fitowa fari tas. A ta matsi sai ya fito dishi-dishi. Mai yin kambun girmamawa da ya sayi ta matsi don ya rage kuɗi, a rubutun zai gane araha ba ta ado.

Ko wace iri ce, tana zuwa da takarda ko leda manne a fuskokinta, kuma darasin farko da maigida ke ba yaronsa shi ne kada ya kuskura ya ɓare ta sai an gama komai. A kanta ake awo, a kanta ake ja layi. Falle mai sirara, ana jan ƙugiyar wuƙa a kan layi sau da dama har ta yi rami, a kawo layin bakin teburi, a danna sau ɗaya da ƙarfi, ya ɓalle. Mai kauri sai zarto mai ƙananan haƙora, da hannun da ya san gudu: aka yi sanyi, zafi ya taru robar ta narke ta sake mannewa a bayan zarto; aka yi garaje, baki ya ɓantare. Huji ma da nasa sirrin. Bakin abin huda ƙarfe yana da kaifin da ke cafkar roba, musamman lokacin da zai ɓulla ta ɗaya gefen, nan take sai ka ji ƙas, tsaga ta tafi. Saboda haka gwani kan ɗan dakushe kaifin a kan dutsen washi yadda zai riƙa kankara maimakon cizo, ya sa katako a ƙasa, ya sassauta hannu dab da ɓullawa.

Sai gyaran baki, inda ake gane mai haƙuri. Bakin da zarto ya bari fari ne, ba a ganin komai ta cikinsa. Za a fara kankare shi da ƙarfe mai kaifi har sawun haƙoran zarto ya ɓace, sannan a shiga samfefa da ruwa, daga mai lamba 400 zuwa 600, zuwa 800, zuwa 1200, har 2000. Kowace lamba aikinta ta share karcen wadda ta gabace ta, ta bar nata wanda ya fi siriri. Ɗan koyo yakan tsallake lamba ɗaya don ya yi sauri, ba zai ga illar ba sai a ƙarshe, bayan an kai bakin ga injin goge mai ƙyalle ya yi sheƙi, sai ga layukan can a kwance ƙarƙashin sheƙin. Ba gyara sai komawa baya. Akwai gajeriyar hanya: a bi bakin da siririn harshen wuta, fatar sama ta narke ta kwanta, cikin daƙiƙoƙi ya koma garau. Kallon wannan yana da daɗi ƙwarai, farin yana gudu gaban wutar yana barin ƙyalli a baya. Amma hanya ce mai bin bashi, za a kuma biya.

Baki in ya gyaru, robar tana nuna wani hali da ya fi komai nata kyau. Hasken da ya shiga ta baki ba ya fita ta fuska. Yana ta karo da fuskokin biyu daga ciki yana komawa, har ya kai ɗaya bakin. Ba ya samun mafita sai inda aka karce ko aka zana. Jera fitilun LED a gindin falle, ka zana suna a tsakiyarsa: fallen zai zauna duhu, sunan kaɗai zai kama haske kamar a iska yake rataye. Allunan otal-otal da na kantunan magani masu haske da daddare haka ake yin da yawansu. Dabarar nan ce a bayan fuskar kwamfuta da wayoyi da yawa: fitilun a gefe suke, wani siririn falle garau mai ɗigo-ɗigo ne ke raba hasken daidai ko'ina. Akwai kuma akirilik mai launin kore ko ruwan lemo da aka sa wa rini na musamman, wadda ke tattara hasken rana ta fuska ta fitar da shi ta baki, sai ka ga bakin yana ci kamar an kunna shi, alhali babu waya babu batir. Jan murfin fitilar bayan mota ma yawanci akirilik ce. Duba cikinsa da kyau za ka ga ƙananan kusurwoyi jere reras. Su ke mayar da hasken motar da ke biye zuwa idon direbanta ko da fitilar a kashe take.

Lanƙwasa kuwa aikin jira ne. Ana ɗora fallen a kan wata doguwar wayar hita da ke kwance cikin rami, yadda zafi zai taɓa layi ɗaya kawai. Robar tana son wajen digiri 160 a ma'aunin Selshiyos kafin ta ba da kai, amma ba ma'auni gwani ke dubawa ba. Yana juya fallen lokaci-lokaci don zafin ya ratsa ta fuska biyu, yana ɗan ɗaga gefe da yatsa yana jin nauyinsa. Akwai wani ɗan taƙi da robar ke sakin jiki ta fara sunkuyawa da kanta. Kafin wannan taƙi, in ka tilasta mata, kusurwar za ta riƙe ciwon a ciki ta tsage daga baya. Bayansa da kaɗan, ƙananan kumfa sun fito a layin, kuma kumfa in ta fito ta zauna ke nan. A cikin wannan taƙi yake ɗauke fallen, ya kwantar da shi a ma'aunin katako da ya riga ya tanada, ya riƙe har ya huce.

Haɗi shi ne kololuwar sana'ar, kuma ba da gam ake yi ba. Wanda ya taɓa ɗiga sufa gulu a kan roba garau ya san farin hazon da yake bari. Abin da ake amfani da shi wani tsinkakken ruwan sinadari ne da ke narkar da fatar robar. Za a jingina fallaye biyu a yadda ake so su zauna, a ɗebi ruwan a sirinji, a bi layin haɗin da bakin allura. Ruwan da kansa yake shigewa tsakani. Ta cikin robar kana kallonsa yana gudu, farin layin yana komawa garau a bayansa. Fuskokin biyu su narke, su cakuɗe, ruwan ya bushe, abu biyu ya zama ɗaya. Sharaɗin shi ne bakin ya zama miƙaƙƙe sumul, don ruwan ba ya cike gurbi. Duk inda aka bar rata, kumfa ce za ta zauna a wurin tana nuna kanta har abada. In ɗigo ya kuɓuce ya faɗa a fuskar fallen, hannun ɗan koyo ƙyalle yake nema. Maigida zai riƙe hannun: “Bar shi, yaro, kada ka taɓa.” In an bar shi ya bushe, ɗan tabo ne da goge zai fitar, in an shafa, an dama fuskar ke nan. A nan dole in yi tsokaci: sinadaran nan, kulorofom da danginsa, guba ne ga mai shaƙa. Amurka ta haramta yawancin amfani da ɗaya daga cikinsu a 2024. Yaron da ke wannan aiki a ƙuntataccen shago ba taga, ana cin lafiyarsa ne a hankali, kuma haƙƙinsa yana wuyan maigidansa.

Yanzu ga bashin da na ambata. Duk inda zafi ya taɓa robar ya huce da sauri, ko bakin leza ne, ko harshen wuta, ko zarton da ya yi zafi, sarƙoƙin wurin suna daskarewa a ɗaure, suna jan juna. Ido ba ya gani. Aikin zai fita shago yana walƙiya. Ran da aka goge shi da sifirit ko wani abu mai barasa, sai dubban ƙananan tsage-tsage su bayyana a bakin, farare, masu ƙyalli, ba kuma sa gyaruwa. Lokacin annobar korona a 2020, da aka kakkafa allunan roba a gaban masu karɓar kuɗi a bankuna da kantuna, da yawansu haka suka lalace, don da sanitaiza aka riƙa goge su. Maganin abin tun a shago yake: a sa aikin cikin tanda mai zafin wajen digiri 80 na sa'o'i, gwargwadon kaurinsa, sannan a bar shi ya huce sannu a hankali, sarƙoƙin su saki. Mataki ne da ba ya ƙara wa aiki kyau ko kaɗan a ranar, mai saye ba zai san an yi ko ba a yi ba, shi ya sa mai gaggawa ke tsallake shi. Ni a wurina, wanda ke yin wannan mataki shi ne gwani.

Mai son ya ga wannan ɗaurin da idonsa, ga hanya. Buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta, ka riƙe rula ta roba garau irin ta 'yan makaranta ko murfin faifan CD a gabanta, ka duba ta cikin tabarau mai tace ƙyallin rana irin na direbobi, kana ɗan karkata kai. Abin da ka sani ba shi da launi zai cika da launukan bakan gizo, sun fi cunkushewa a kusurwoyi, da gefen ramuka, da daidai inda narkakkiyar robar ta shiga mazubi. Inda launukan suka taru, nan abin zai fara karyewa. Injiniyoyi sun daɗe suna gwada fasalin gadoji da sassan inji da wannan dabara kafin kwamfuta ta karɓi aikin.

Zafin gari ma yana da nasa lissafi, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Akirilik tana buɗewa da zafi ninki bakwai zuwa takwas na gilashi. Falle mai tsawon mita 2 da aka kafa da sanyin hunturu, in ranar bazara ta ƙara masa digiri 30, zai ƙaru da wajen milimita 4. In an ɗaure shi tamau da noti a ramukan da suka yi masa cif-cif, ko ya kumbura ya yi doro, ko ya tsage daga ramin. Wanda ya san aiki yana buɗa ramin ya fi notin, ya sa wa notin robar taya, ya ɗaure ba can ba. Yawancin allunan shaguna da kake gani sun tsage daga kusurwa, ba laifin robar ba ne.

A manyan bangayen gidan kifi duk waɗannan ƙa'idoji suna nan, sai dai kuskure a can ambaliya ce. Ba tsinkakken ruwan nan ake sawa ba. Ita kanta akirilik ɗin ce a ruwanta ake zubawa tsakanin fallaye, ta daskare ta zama jiki ɗaya da su, yadda haske zai ratsa haɗin bai san ya canja wuri ba. A wurin ginin ana kafa rumfa a rufe haɗin, a tsare zafinsa, a hana ƙura, a gasa shi, sannan a bi da goge da hannu. Abin da ke faruwa in wani abu ya kuskure an gan shi a Balin, babban birnin Jamus, da asubahin 16 ga Disamba, 2022. Wata tukunyar kifi ta akirilik mai suna AquaDom, mai tsayin mita 16, da ta tsaya cikin wani otal tun 2003, ta fashe. Ruwa wajen lita miliyan ɗaya ya yi waje har titi, kifaye kusan 1,500 suka hallaka, mutum biyu suka ji rauni. Da rana ce, da labarin ya fi haka muni. Masu bincike ba su tsaya kan dalili ɗaya ba, amma layin haɗi yana cikin abubuwan da suka zarga.

In aka yi aikin daidai kuwa, abin da robar nan ke ɗauka ya wuce hankali. A ranar 23 ga Janairu, 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka nutsa cikin jirgin Trieste zuwa wuri mafi zurfi a teku, wajen mita 10,900, inda ruwa ke danna fiye da tan guda a kan gurbin da bai fi farcen yatsa ba. Tagar da suka leƙa ta ciki akirilik ce, an yanka ta da faɗi a waje da tsini a ciki, yadda duk ƙarin dannawar ruwa ƙara zaunar da ita yake yi a mazauninta. Alhazanmu ma sun zauna kusa da ita. Tagar jirgin sama fallaye uku ce ta roba, masu ɗaukar nauyin kuma akirilik ce da aka gasa aka miƙe don ta ƙi tsaga. Ɗan ramin nan da ake gani a ƙasan taga da gangan aka huda shi a fallen tsakiya, don iskar cikin jirgi ta wuce ta danna na waje kaɗai, na tsakiya ya zauna a matsayin ko-ta-kwana.

Akirilik tana da aibi biyu: duka mai ƙarfi yana fasa ta, kuma tana cin wuta. A ranar 2 ga Agusta, 1973, gobara ta tashi a wani gidan shaƙatawa mai suna Summerland a tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan. Daga wani wuri ta fara, amma da ta kai ga rufi da bangon akirilik sai suka kama, suna narkewa suna zubo wa mutane. Mutum 50 suka rasu.

Inda ake tsoron duka, wata roba garau mai suna folikabonet ake nema. Mutum biyu ne suka gano ta a shekara ɗaya, 1953, ba tare da sun san da juna ba: Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus, da Daniel Fox a General Electric na Amurka. Da ita aka yi ƙoƙon kan 'yan sama jannatin da suka sauka a wata a 1969, da faifan CD tun fitowarsa a 1982, da garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma, da gilashin hular kwano. Ka sa mata guduma ta lotsa, ba ta fashe ba. Siririyarta ana lanƙwasa ta a sanyi ba tare da wuta ba. Amma fatarta ba ta da ƙwari. Tana saurin karcewa, rana tana mayar da ita rawaya, fetur da tina suna tsattsaga ta, leza kuma ƙona mata baki take yi. Tana shan laima daga iska, don haka kafin a gasa ta a mazubi sai an busar da ita na sa'o'i, in ba haka ba ta cika da kumfa. Ta baki ma ana gane ta: na akirilik haske yake, nata da ɗan duhu.

Fitilar gaban motocin yanzu folikabonet ce da aka shafa wa wani siririn rufi mai tare rana da karce. Rufin nan ne ke mutuwa, fitila ta yi rawaya ta dushe. Masu wanke fitila a bakin gareji suna cire mataccen da samfefa su goge, ta dawo sabuwa fil, kuma aikinsu yana burge ni. Sai dai in ba a sake shafa mata wani rufin ba, an bar ta tsirara ke nan, 'yan watanni za ta koma gidan jiya. Haka fallayen rumfa: fuska ɗaya ce ke da kariyar rana, an kuma rubuta a ledar. Magini ya ɓare ledar ya yar kafin ya duba, ya kifa fallen, rumfar da za ta shekara goma ta ƙone tun ba a je ko'ina ba. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda yashi ce mai kaifi: duk wanda ya share ta da busasshen tsumma daga tabarau ko gilashin hular kwano, samfefa ya sa musu. Ruwa ake fara zubawa, sannan sabulu da ƙyalle mai laushi.

Mafi ƙanƙantar aikin akirilik, kuma mafi tsadarsa a wurin mai shi, ƙwayar da ake dasawa a ido ce, mai faɗin wajen milimita 6. Harold Ridley likitan ido ne ɗan Ingila, wanda aikin soja ya kawo ƙasar da ake kira Ghana a yau a 1941, har ya je Funsi a arewacinta ya yi nazarin makantar da wani ɗan baƙin ƙuda na bakin koguna ke yaɗawa. Ya lura da wani abu a idanun matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin rumfar Perspex ya shiga: ido ba ya faɗa da robar, tana zaune lafiya shekara da shekaru. A lokacin, in an cire wa mutum yanar ido, an cire ƙwayar da ke tattara masa haske ke nan, sai dai ya rayu da tabarau mai kaurin gaske. Wani ɗalibi ya tambayi Ridley me ya sa ba a mayar da wata a gurbin. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya dasa ƙwayar akirilik ta farko a idon mutum. Manyan likitocin zamaninsa suka yi masa ca, suka shekara da yawa suna sukar abin. Sai a 2000, yana da shekara 93, Sarauniyar Ingila ta karrama shi.

Ƙwayar nan da bakin lu'ulu'u ake feƙe ta a inji, sannan a yi ta juya ta cikin ƙananan duwatsun goge har ko'ina ya yi santsi, don kaushin da ba a gani da ido yana iya cutar da cikin ido. Da can tsadarta ta fi ƙarfin talaka. A 1992 asibitin Aravind da ke Madurai a Indiya ya kafa masana'antar Aurolab, gidauniyar Fred Hollows kuma ta kafa nata a Asmara ta Eritiriya da Katmandu ta Nepal a tsakiyar shekarun 1990, kuɗin ƙwaya ɗaya ya faɗo ƙasa da dala 10. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba, ita ke da kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma har yanzu a ƙauyukanmu akwai masu soka tsinke su tura yanar cikin ido, ba su mayar da komai a gurbinta ba, sau da yawa idon ya mutu gaba ɗaya. Mai karatu, in kana da tsoho ko tsohuwa a gida da yana ta rufe wa ido, kada ka bari a soka musu tsinke. Kai su asibitin ido, akwai shi a Kano, akwai a Kaduna, akwai a sauran manyan garuruwa. Aikin ba ya cin sa'a guda, kuma galibi washegari ake buɗe idon.